Layin da Ya Rage Ƙarfi: Yaushe Rauta Za Ta Sauya Hanya?



Layin da ya yanke gaba ɗaya ba ya ba mu wahala sosai, domin rauta takan gane nan take ta koma hanyar ko-ta-kwana. Wanda ke hana mu barci shi ne layin da ya rage ƙarfi alhali fitilarsa na nan kore shar.

Ku ɗauka an haɗa wayoyin faiba huɗu, kowace mai gigabit 10, an ɗaure su dami guda da ƙa'idar LACP, wadda IEEE ta fitar a 2000 da sunan 802.3ad. A wurin rauta, wannan dami layi ɗaya ne mai gigabit 40. Sai katafilar masu aikin titi ta tsinke biyu. Saura 20, ga shi da magariba jama'a na jan 28. Kira na kakkatsewa, bidiyo na tsayawa, amma rauta ko a jikinta, tunda muddin waya ɗaya na aiki, a ganinta damin lafiya lau yake.

Maganin da aka fi sani shi ne a yanka wa damin iyaka. Cisco na kiran saitin min-links, Juniper minimum-links, Linux min_links. Ka ce masa uku: da zarar masu aiki sun gaza uku, damin ya kashe kansa, ƙa'idojin zaɓen hanya, wato OSPF ko BGP, su nemi wata hanya. A sa wannan iyaka a ɓangarori biyu na damin.

Sai dai a nan nake sabawa da masu saka ta ido rufe. Kafin ka rubuta lamba, duba girman hanyar ko-ta-kwanar. In gigabit 10 ce kawai, ka bar 20 ka koma 10, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. A irin wannan hali gara damin ya ci gaba da aiki, a ɗauke masa wani kaso na kaya kawai, a kuma ba murya fifiko a layin jira. Wasu sukan dogara ga OSPF ta ƙara wa layin tsada da kanta don kaya su sauya hanya. Ku lura, a rautocin Cisco na IOS ma'aunin asali megabit 100 ne, don haka 40 da 20 duk tsadarsu 1, sai an ɗaga ma'aunin da hannu.

Batun saurin ganewa kuma: LACP a tafiyarta ta hankali sai ta yi daƙiƙa 90 kafin ta cire wayar da ta daina amsawa, a ta sauri daƙiƙa 3. Ƙa'idar BFD a kan kowace waya, yadda RFC 7130 ta tsara a 2014, na iya ganewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Dawowa ce ba a so da gaggawa. Wayar da ake kan gyarawa takan kama ta saki, kuma kowane juyi na girgiza hanyoyin duka. A sa jinkiri na 'yan mintuna kafin kaya su koma kan damin.