Wasan kacici-kacicin da ya ƙaryata ƙanwata

Yau labarin wani ɗan wasan kacici-kacici zan ba ku, wanda na rubuta a waya, ya kusa sa ƙanwata ta daina yarda da kanta.

Tana shirin jarrabawar shiga sakandare, kullum da daddare ni ke yi mata tambayoyi. Na gaji, na ce bari waya ta karɓe ni. Sai na sauke Pydroid 3, manhajar da ake rubuta Python da ita a wayar Android. Python ɗin nan Guido van Rossum ne ya fito da shi a 1991, kuma yana da sauƙi ga mai koyo.

Wasan abu huɗu ne kacal. Na farko, jerin tambayoyi, kowace da amsarta. Na biyu, umarnin for, mai bin jerin ɗaya bayan ɗaya. Na uku, input, mai karɓar abin da mutum ya rubuta. Na huɗu, if, mai gwada amsar da wadda ka ajiye. In sun yi daidai, a ƙara maki ɗaya. Tambaya goma na saka, na miƙa mata wayar ina ta ji da kaina.

Tambayar farko, babban birnin Jihar Borno. Ta rubuta maiduguri. Waya ta ce ba daidai ba. Ta biyu, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai. Ta rubuta 1960. Ba daidai ba. Ta uku, biyu a tara da biyu. Ta rubuta hudu. Nan ma haka.

Sai na ga yarinyar nan ta ɗauko littafinta za ta soke 1960. Na ce, ke me kike yi? Ta ce, “Yaya, ai kwamfuta ba ta kuskure.” Wallahi jikina ya yi sanyi.

To ina matsalar take? Kwamfuta ba ta san ma'ana ba, harafi da harafi take gwadawa. Ni da babban M na ajiye Maiduguri, ita da ƙarami ta rubuta. Maganinsa lower, mai mayar da komai ƙananan baƙaƙe, sai strip, mai share fili a gaba da bayan kalma. Ita 1960 a matsayin lamba na ajiye ta, alhali input rubutu yake kawowa, kuma a wurin Python ba ɗaya ba ne. Da na sa ta cikin alamar zance aka wuce wurin. Ta ukun kuwa tamu ce Hausawa: na ajiye huɗu da ɗ mai lanƙwasa, wayoyi da yawa kuma ba a saita su da shi ba. Sai na yi amfani da replace, ɗ ya koma d, ƙ ya koma k, ɓ ya koma b, a ɓangarorin biyu, kafin a gwada.

Ta sake bugawa, ta ci tara cikin goma. Ɗayar da gaske ta faɗi.

Saboda haka in ka rubuta naka, kafin ka ba yaro, fara ba abokinka ya amsa yadda ya ga dama, kana tsaye kana kallo. Wanda ya gwada ya turo mana tambayoyinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.