Tsohon Injin Sassaƙar Ƙarfe a Ƙarƙashin Umurnin Kwamfuta



A ɗakunan koyon sana'a na makarantun fasaha da ma'aikatun gwamnati akan tarar da tsofaffin injunan sassaƙar ƙarfe a ajiye, ƙura ta lulluɓe su, ana jiran ranar da za a yi gwanjonsu. Tambayar da ke gaban wannan taro ita ce: ashe irin wannan inji ya gama amfani ke nan, ko kuwa akwai hanyar da za a sa shi ya karɓi umurni daga kwamfuta?

Injin sassaƙa yana da tebur wanda ake ɗaure ƙarfen da za a yi aiki a kansa, da wuƙa mai juyawa daga sama. Ma'aikaci yana murɗa hannaye uku, ɗaya ya kai tebur hagu da dama, ɗaya gaba da baya, na ukun sama da ƙasa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Bridgeport, wanda aka fara ƙerawa a Amurka cikin 1938, nauyinsa kusan tan guda ne na ƙarfen zubi. Mutum yana iya yanka miƙaƙƙen layi da shi ba wuya, amma da'ira ko lanƙwasa takan gagare shi, domin sai ya murɗa hannaye biyu a lokaci guda, kowanne da nasa gwargwado.

Wannan matsala ce ta fuskanci John Parsons, mai ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu a jihar Mishigan. Cikin 1949 rundunar mayaƙan sama ta Amurka ta ba shi kwangilar neman hanyar da lambobi za su tuƙa inji. Aikin ya koma jami'ar MIT, inda cikin 1952 aka nuna inji na farko mai bin umurnin da aka huhhuje a kan zirin takarda. Abin lura shi ne, ba sabo aka ƙera ba. Injin Cincinnati Hydro-Tel aka ɗauko aka ɗaura masa motoci. Watau wannan fanni tun daga tushensa da gyaran injin da ake da shi ya soma.

Aikin juyarwa yana da matakai uku. Na farko shi ne sauya dogayen sandunan nan masu tiredi waɗanda ke jan tebur. Tsakanin sanda da notinta akwai ɗan sako-sako, har idan aka juya baya sai hannu ya ɗan zaga kafin tebur ya motsa. Gwanin ma'aikaci ya san da wannan, yakan kuma rama shi da hannunsa. Kwamfuta kuwa da zarar ta ƙidaya juyi sai ta ɗauka tebur ya tafi. Saboda haka ake sa sanda mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe irin na boris a cikin notinta, wadda kusan ba ta da sako-sako.

Na biyu shi ne ɗaura moto a madadin kowane hannu. Moto mai taku-taku, wanda ya fi araha, yakan cika zagaye ɗaya da taku 200. Idan zagaye ɗaya na sanda yana tura tebur milimita 5, to kowane taku kashi ɗaya ne cikin 40 na milimita. Aibinsa shi ne, in nauyi ya yi masa yawa yakan tsallake taku ba tare da kwamfuta ta sani ba. Moton sabo ya fi tsada, amma yana da na'urar da ke kai rahoton inda ya tsaya.

Na uku shi ne kwamfutar da harshenta. Umurnin G01 yana nufin a yanka miƙaƙƙen layi, G02 kuma lanƙwasa ta wajen da hannun agogo ke bi. Manhajar LinuxCNC, wadda ta samo asali daga aikin hukumar ma'aunai ta Amurka, kyauta ce, tsohuwar kwamfutar ofis ma tana iya ɗaukarta. Wajibi ne a sa makunnin iyaka a ƙarshen kowace hanya, da jan maɓallin tsayarwa na gaggawa, domin moto ba ya jin kukan ƙarfe yadda kunnen ma'aikaci ke ji.

Sai dai ba kowane inji ne ya cancanci wannan ɗawainiya ba. Hanyoyin da tebur ke zamewa a kansu sun fi cinyewa a tsakiya, inda aka fi aiki. In aka ɗaure su daidai da tsakiya sai su cije a gefe, in aka sassauta sai tebur ya yi rawa. Kwamfuta ba ta gyara wannan, sai an kankare hanyoyin an daidaita su tukuna, kuɗin haka kuwa yana iya zarce darajar injin.

Don haka, kafin ma'aikacin hukuma ya sa hannu a takardar gwanjo, ya kamata ya sa masani ya auna hanyoyin injin. In sun lalace, a sayar. In kuwa suna da lafiya, to Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A miƙa shi ga ɗaliban injiniya su juya shi da hannunsu, domin ɗalibin da ya kwance inji ya ɗaura masa moto ya fi wanda ya tarar da sabo a kulle cikin akwati sanin abin da zai yi ranar da ya tsaya.