Jawabi Kan Adana Lissafin da ke Cikin Kwamfuta

Bara wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar da nake rubuta bashin goro a gida. Sunayen waɗanda nake bi duk suka tafi. Wasu sun biya don tsoron Allah, wasu har yau shiru.

To, yanzu duk Juma'a bayan an sauko, yarona yakan kwafe lissafin a filashi. Ɗakin uwargida nake ajiye shi, don in ɓarawo ya ɗauki jakar kwamfuta kar ya haɗa da shi. Wani kwafin yana Google Drive, giga 15 suke bayarwa kyauta. Lambar sirrin kuwa, Alhazai, ku rubuta ta da hannunku, kar ku bar wa yaro shi kaɗai.