Jawabin Babbar Baƙuwa a Bikin Yaye Ɗaliban Jinya da Ungozoma

Mai girma Kwamishinan Lafiya, shugabar wannan kwaleji da malamanta, iyayenmu sarakuna, iyayen yara, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau.

An koya muku auna jini, ɗaura ƙarin ruwa da karɓar haihuwa. Abin da ya kawo ni shi ne maganar kular abincin da za ku riƙa shiga asibiti da ita da safe, ku koma gida da ita da yamma ba ku ko buɗe ta ba.

Kowane sashe da irin yadda yake cinye lokacin cin abincin nas. A asibitin sha-ka-tafi layi yakan ƙare, a samu a zauna. A ɗakin tiyata kuwa, wadda ta wanke hannu ta sa safar roba tana miƙa wa likita kayan aiki ba ta da damar fita ko da aikin zai kai awa 6. Naƙuda ba ta duba agogo. Ungozoma za ta kai loma baki ke nan a ƙwala mata kira cewa kai ya fito, ko jini ya ɓalle wa mai jego. Sashen gaggawa ya fi ko'ina, domin mota guda ta kife a hanya, an gama da maganar hutu ran nan. Sai mai kula da jarirai bakwaini, wadda idonta ke kan na'ura dare farai, ga azumi, a kira magariba ta kurɓi ruwan leda a tsaye ta koma bakin kwalba.

Mun daɗe muna kiran wannan juriya, har muna yaba wa mai yin sa. Ni dai ban yarda ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar da aiki ke tarawa a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ta kuma ba ta alamomi 3: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe ga aikin, ƙwazo ya ragu. Ta biyun ce ke ba ni tsoro. Nas ɗin da jama'a ke cewa ba ta da tausayi, ta daka wa mai naƙuda tsawa, sau da yawa da tausayinta ta fara aiki. Yunwa da rashin barci ne suka yi ta zaizayar sa.

Majiyyaci ma yana biyan kuɗin wannan gajiya. Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a 2002, kan asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya nuna duk majiyyaci guda da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, haɗarin durƙushewar ita kanta kuwa da kashi 23. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 1999, aka fara aiki da ita a 2004, wadda ta ƙayyade yawan marasa lafiya ga kowace nas. A ɗakin kulawa ta musamman ba a wuce 2, kuma ƙa'idar tana nan har a lokacin cin abinci, wato dole a tanadi mai karɓar ta.

Ranka ya daɗe Kwamishina, nan ne roƙona yake. Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan ta ce lebura in zai yi aikin awa 6 ko fiye, a ba shi hutun da bai gaza awa guda ba. Mai riƙe da ran mutum ba ta cancanci ƙasa da haka ba. Amma rubuta hutu a takarda ba ya ciyar da kowa in nas ɗaya ce tal a ɗakin da ke cike da gadaje. A ɗauki ma'aikata, a sa mai karɓa a jadawalin kowane sashe, a ware ɗan ɗaki mai kujera da ruwan sha.

Ku kuma 'ya'yana, da ruwan ciki ake jan na rijiya. In lokacinki ya yi, ki miƙa marasa lafiyarki ga abokiyar aiki dalla-dalla, wane ya sha magani, wane ruwansa ya kusa ƙarewa, sannan ki je ki ci ba tare da jin kunya ba. Kai ma ɗana, in ka ga ɗan'uwanka tun asuba bai zauna ba, ka ce masa ya je, ka riƙe masa. Ranar da kuka zama manya a sashe, kada ku ce wa na ƙasa haka mu ma muka sha.

Ina taya ku murna, ina taya iyayenku murna. Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya mai da kowa gidansa lafiya.