Bushewar Fata Bayan Ɗaukewar Al'ada: Jawabi Ga Iyayenmu Mata

Wannan shi ne jawabin da kwamitin lafiya na ɓangaren mata ya gabatar a wajen taron ƙungiya a Sabo, Ibadan. Mun buga shi ne saboda waɗanda ba su sami halarta ba.

  

Maganar da aka ɗora mana yau magana ce da kunya ta daɗe tana dannewa. Mace ta haura arba'in da biyar, al'ada ta fara yi mata wasa, wata ta zo wata ta ƙi, sai kuma ga jiki ya ɗauki ƙaiƙayi. Ƙwauri ya yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, diddige ya yi kaushi har da faso, da dare ta yi ta susa ba barci. Idan ta yi ƙorafi, wannan ta ce ruwan rijiyar Kurmi ne, waccan ta ce dattin jini ne a sha sassaƙe, wata ma ta rage murya ta ce a bincika, ƙila hannu ne. Mun san gidajen da wannan zargi ya shiga tsakanin kishiyoyi, alhali babu wanda ya yi wa wani komai.

To ga abin da yake faruwa. A jikin mace akwai wani sinadari da ma'ajiyar ƙwai take fitarwa, likitoci suna ce masa istirojin. Shi ne yake tafiyar da al'ada, kuma shi ne yake taimakon fata ta riƙe ruwa da maiƙo, ta yi kauri da laushi. Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba sannan a ce ta ɗauke. Tun kafin nan sinadarin yake fara ja baya. Likitocin fata sun ƙiyasta cewa a shekara 5 na farko bayan ɗaukewar, fata tana rasa wajen kashi 30 cikin 100 na kolajin, wato zaren da yake ba ta ƙarfi. Sai ta yi siriri, ta rage fitar da mai, ruwan da ke cikinta ya riƙa tserewa da sauri. Ku ɗauki misalin salka sabuwa da wadda ta daɗe a rataye ba a shafa mata mai ba. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma cuta ce da ake ɗauka ba.

Wata za ta ce, mu da muke Ibadan, inda gumi ba ya barin mutum ko da damina, ina mu ina bushewar fata? Ai nan ne ruɗun yake. Gumi daban, maiƙo daban. Ga zafin nan da yake taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska a waɗannan shekaru, ta farka tsakar dare sharkaf. Saboda haka sai ta ƙara yawan wanka, sau uku, sau huɗu a yini, kowanne da sabulu da soson nan na raga, ana dirza kamar ana wanke tukunya. Ɗan man da ya rage a fatar ma sai a wanke shi. Ƙaiƙayi ya ƙaru, sai ta ce ƙwayoyin cuta ne, ta sayo sabulun magani, ta tsiyaya Dettol a bokiti. Haka za a yi ta zagaye, maganin da ake yi shi ne yake ƙara wutar.

Don haka gyaran farko a banɗaki yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Ruwa ya zama mai ɗumi-ɗumi, ba mai ƙona hannu ba. Kada wankan ya wuce minti 10. Sabulu sau ɗaya a yini ya wadatar, shi ma a hammata da matsematsi da ƙarƙashin mama da ƙafafu. Ƙwauri da damtse da baya ba kullum suke bukatarsa ba. Idan zafi ya dame ki da rana, watsa ruwa zalla. Soson raga a ajiye wa samari, hannu ko tsumma mai laushi ya isa. Sabulun salo, wanda maƙwabtanmu Yarabawa suke kira oshe dudu, muna sonsa kuma ba mu ce a bar shi ba, amma da toka ake yinsa, wani yana da kaifi ƙwarai. In kin fito wanka kin ji fatarki tana ɗaurewa, to ya fi ƙarfinki, ki nemi wanda aka cuɗa da man kaɗanya ko ki canza zuwa sabulun jarirai marar turare.

Sai maganar mai, kuma a nan muke roƙon a buɗe kunne. Mai ba ya sa wa fata ruwa, tsare ruwan da ke ciki yake yi. Wadda ta fito wanka ta goge jiki tas, ta zauna ƙarƙashin fanka ta yi lazimi, ta karya, sannan ta ɗauko mai, ta rufe ƙofa ne bayan akuya ta fice. A ɗan dannan jiki da tawul, a shafa mai nan take, jiki da sauran danshi. Wannan kaɗai ya raba mata da yawa da susa.

Wane mai? Man kaɗanya na gidanmu, wanda a kasuwar Bodija ko Oja'ba in kin ce ori za a miƙo miki, yana daga cikin mafiya kyau, kuma daga nan Shaki ma ana kawo shi. A nemi wanda ba a gauraya ba. Basilin fari marar ƙamshi shi ma ba a fi shi tsare ruwa ba, duk da arharsa. Wadda take jin nauyinsu da rana saboda zafi, ta bar su sai dare, da safe ta shafa mai ruwa-ruwa wanda aka rubuta yana da gilisarin. Kaushi kuwa, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goga dutse a hankali, a lafta basilin a sa safa a kwanta. Reza dai a bar ta, musamman mai ciwon suga, don ɗan yanka a ƙafarta yana iya zama gyambo. A kantin magani akwai man ƙafa mai sinadarin yuriya, yana narkar da kaushi sosai.

An tambaye mu batun alwala, tunda sau biyar muke wanke gaɓɓai, ga wanki da wanke-wanke da omo. Abin da malamai suka karantar da mu shi ne man da ya narke ya bi jiki ba ya hana alwala, wanda ya daskare ya yi kauri a kan fata shi ne yake tare ruwa. Mafi sauƙi, a ajiye ɗan gwangwanin mai kusa da buta, a shafa a hannu da ƙafa bayan an idar. Kuma mai tafiya gida biki a watan Disamba ko Janairu ta ninka shafawa, don hunturun Kano ko Sakkwato ba irin ɗan hazon da muke gani a nan ba ne.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Mace ta ga fatarta ta dushe, sai a kawo mata haɗin mai a roba, ba suna ba lamba, a ce yana gyara jiki. Ko ta je wajen mai kemis ya ba ta ɗan bututun nan na ƙaiƙayi. Kwana uku ƙaiƙayi ya kwanta, fuska ta yi haske, sai ta riƙe shi shekara da shekaru. Da yawa daga cikinsu akwai sitiroyid a ciki, magani ne mai ƙarfi da likita yake bayarwa na 'yan kwanaki. In aka daɗe ana shafawa, cinye fata yake yi. Fatar da shekaru suka riga suka sirantar, a zo a ƙara sirantar da ita, sai nankarwa, sai jijiyoyi a fili, sai rauni ya ƙi warkewa, ɗinki ya ƙi kamawa in an yi tiyata. Mai yawan shafawa a duk jiki yana iya taɓa mata suga da hawan jini. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. In kin koma gida, ba jikanki bututun ya karanta miki. In ya ga clobetasol ko betamethasone ko hydroquinone, kai shi wajen likita ya nuna miki yadda za ki rabu da shi, don wadda ta daɗe a kai in ta yanke rana ɗaya fatar tana iya yin bore. Dilka da halawa ma a rage, a bar wa amare. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa. Jan lallenmu na ganye bai cika yin wannan ba.

Muna neman afuwar iyayenmu, akwai wata bushewar da ba a faɗa, wato ta gaba. Dalilinsu ɗaya. Tana kawo zafi da ƙaiƙayi da wahala wajen kwanciyar aure, har mace ta riƙa gudun mijinta, shi kuma ya ɗauka raini ne. Matsi da alimun da sauran abubuwan cusawa ƙara ɓata wurin suke yi. A wanke da ruwa kawai, daga waje. Akwai man santsi na musamman a kantin magani, akwai kuma man istirojin da likitan mata yake rubutawa bayan ya duba, kuma yana aiki. In kunyar likita namiji ce, a nemi mace, akwai su a UCH da Adeoyo.

Ba kowane ƙaiƙayi ne na shekaru ba. Wadda ta yi sati 3 ko 4 tana bin abin da muka faɗa ba sauƙi, ta je a auna ta, don ciwon suga da ciwon ƙoda da na hanta da ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo duk suna sa ƙaiƙayi. Haka in ido ya yi ɗorawa, ko ana rama ba dalili, ko wani tabo yana girma ko yana jini. In kuma duk gidan ake susa, yara da manya, mai yiwuwa ƙazuwa ce, maganinta daban, kuma kowa sai ya shafa. Abu ɗaya da ba a jira a kansa ko kwana ɗaya: jini ya dawo bayan an shekara ba a gan shi ba, ko da ɗigo ne. Kada a ce al'ada ce ta dawo. A tafi asibiti.

Masu tambayar da ba sa son yi a cikin jama'a, muna nan a bayan zaure bayan an tashi, za mu kuma auna jini da suga ga wadda take so. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.