Jawabi Daga Manawashi: Sunan Aro Ba Ya Rufa Asiri A Intanet

Daga nan Manawashi, cikin birnin Gombe, nake kira ga 'yan'uwanmu mazauna Agege da Sabon Ibadan.

Da yawanku kuna tsoma baki cikin siyasa a intanet da sunan aro, kuna tsammanin babu mai gane ku. Alhali kuwa 'yan ƙananan manhajojin nan da kuke liƙa wa Chrome ko Firefox, wai don tsaro ko toshe talla, suna iya ganin duk shafin da kuka buɗe, har na bankin da kuke aiko wa iyali kuɗi. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Avast biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane suka ziyarta. Mai gadi ke nan fa!

Ku duba kwamfutocinku yau, ku cire duk wadda ba ku san asalinta ba.