Kafin Ki Kira Mai Gyara, Duba Allurarki

(Jawabin malamar ɗinki a ranar raba kekuna ga matan da suka gama koyo)

Yau kowace za ta koma gida da kekenta. Ni kuwa ina so in yi magana a kan ranar da keken zai ƙi ɗinki, gama ranar tana zuwa, kuma ba ta zuwa sai aiki ya taru, saura kwana uku Kirsimeti ko Sallah, masu kaya suna ta sallama a ƙofa. Kuɗin da za ki ba mai gyara a ranar, kuɗin cefane ne. Yawancin abin da ke tsayar da keke kuwa ke ma za ki iya gyarawa.

Ki fara da allura. A irin kekunanmu na Butterfly, gefen allura mai faɗi yana kallon dama, zare kuma yana shiga daga hagu zuwa dama. Ki tura ta sama har ta tsaya kafin ki ɗaure. In ta juya ko ta lanƙwashe ko kaɗan, keke zai riƙa tsallake ɗinki yana tsinka zare. Lamba 14 ta atamfa ce, 16 ko 18 na yadi mai kauri. Allura tana dakushewa. Kada ki jira sai ta karye.

Ga inda mata da yawa suke ruɗewa. Ki ɗaga yadi ki ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa, sai ki ce laifin ƙoshiya ne, ki ɗauko sukundireba. Ajiye shi! Zaren da ya taru a ƙasa, kusan kullum na sama ne bai zauna daidai ba. Ki zare shi duka, ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi, sa'an nan ki sake sa shi. Dalili kuwa, sai ƙafar tana sama faifan nan biyu masu matse zare suke buɗewa ya shiga tsakaninsu. In kina shakkar ƙoshiya, sa kwarkwaro a ciki, ki riƙe bakin zaren ki ɗan girgiza. In ta sauko kaɗan ta tsaya, lafiyarta ƙalau.

Sai mai. Shekarar da na fara, man keke ya ƙare mini, na ɗiga man gyaɗa. Ba a yi wata biyu ba ya daskare kamar ƙaro, keken ya yi nauyi har ƙafata ta riƙa ciwo. Sai da aka wanke shi da kananzir. Man keke kaɗai za ki sa, ɗigo ɗaya a kowane rami, ki fara ɗinka tsumma kafin ki taɓa shaddar mutane.

Da hunturu ƙura da gashin yadi sukan cika ƙarƙashin haƙoran da ke jan yadi. Kowane mako ki kwance farantin, ki share da tsohon buroshin haƙori. In bel ya saki, yanke ɗan guntu ki sake haɗawa. Taya kuma wajenki take juyowa, kada ki mai da ita baya. In kin tashi, ki rufe keken, gama yara suna son taka feda.

In kin yi duk wannan amma allura tana ta bugun ƙarfe tana karyewa, to wannan na mai gyara ne. Yanzu kowace ta zauna a kekenta, ta cire allura, mu sake sa ta tare.